Dagin Inna da Gidan Gilashi

Na san ba za ka yarda ba, kuma ban hana ka ba. Amma ka je Talata Mafara ranar kasuwa, ka samu duk wani tsoho da haƙoransa sunka zube, ka tambaye shi dam nawa anka yi a Bakolori. In ya ce maka ɗaya, to baƙo ne, ko kuwa lokacin yana ɗaure. Biyu anka yi. Na farko Turawan Italiya sunka yi shi, da katafila da tirela da leburori ba iyaka, shekara da shekaru suna fama. Na biyu uwata ta yi shi, ita kaɗai, da dagi guda, tsakanin hantsi da azahar, kuma ko goron da ke bakinta ba ta tofar ba.

Ni lokacin direba nake. Ba direban tifa ba, kada ka raina ni. Ƙaramar mota nake ja, ta wani Bature da muke kira Baturen zane, don shi ke zana gidajen da ake gina wa ma'aikata. Gajere ne, da lofe a baki da abin awo a aljihu. Mutumin nan ko inuwarsa ya gani ta karkace sai ya tsaya ya gyara tsayuwa. Duk abin da ke da kewaye ba ya son shi. In mun wuce ƙauye kan hanyar Bakura ya hango rumbu ko ɗakin kago, sai ka ji yana nishi kamar mai ciwon haƙori. Turancina bai wuce na tasha ba, shi ma nasa aro ne, don ba shi ya sha a nono ba. Sai munka haɗu a tsakiya, rabi da baki rabi da hannu, kowa na zaton ya gane ɗan'uwansa.

To shi ne ya gina wani gida guda a gefen kwatas ɗin ma'aikata, don a nuna wa duniya irin gidan da talaka zai shiga in dam ya kawo arziki. Ka san ƙwayar sukari? To ka kumbura ta ta kai girman gida. Fari fat, kusurwa huɗu, rufinsa shimfiɗaɗɗen kankare kamar faranti. Gabansa kuwa gilashi ne tun daga ƙasa har sama. Ba dakali ba tudu, daɓen ciki da ciyawar waje duk tsawo ɗaya, wai don ciki da waje su zama abu guda. Da ya gama sai ya ga gida ba mutane ba ya burge baƙi, yana son iyali 'yan ƙasa su zauna ciki, masu kan zamani. Ya tambaye ni ko na san wasu.

Na ce masa ai ya zo gidan. Na ce duk ƙasar Zamfara ba wanda ya kai danginmu zamani. Na ce kakana da cokali yake cin rake. Na ce mu ko tuwo ba mu ci sai in likita ya rubuta. Ban san nawa ya gane ba, amma ya ba ni makulli, ya kuma ɗaga yatsa ya kafa mini sharaɗi. Ba a kafa ƙusa. Ba a yin shinge. Ba wutar itace, ba dabba, ba a tona ƙasa ko da ta shuka barkono ce. Labule kuma a buɗe da rana. Ranar da ya ga an taɓa masa gida, ranar za mu bar shi.

Kada ka ce son a sani ya kai ni. To, akwai shi kaɗan. Amma ga yadda muke lokacin. Ƙauyenmu bakin gulbi yake, cikin ƙasar Maradun, kuma ruwan dam ya riga ya haɗiye shi. Ubana ya daɗe da rasuwa. Inna tana Damaga, a gidan mijin ƙanwarta, an ba ta ɗakin da ake ajiyar albasa, kullum tana ci da kunya kamar wadda ta zo roƙo. Matata da tsohon ciki tana wurin iyayenta, cikin bukkokin zana a kan tudun da anka mai da su. Ka ji ikon Allah, an tashe su saboda ruwa, an kai su inda sai an sayi ruwan alwala. Ni kuwa ina kwana bayan garejin kanikawa tare da gwauraye, a ɗakin da ko sauro in ya shiga sai ya toshe hanci. Mu uku, wuri uku. Gidan gilashin nan shi kaɗai ne rufin da zai haɗa mu, in ya kuɓuce kowa ya koma inda ya fito.

Na ɗauko matata, sannan na aro a-kori-kura na tahi Damaga na ɗauko Inna. Kayanta ba yawa, abin da ta tsira da shi ne daga ruwa: turmi, randa, ƙullin tufafi, da wani dagin ƙarfe da ya girme ni. Na ce ta bar dagin, ba a tono a can. Ta dube ni ta ɗora shi a cinya. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tunda nake ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai wanga" take ce mini, in kuma ta so wulaƙanci ta ce "Direba".

Da munka tsaya a gaban gidan ta daɗe ba ta sauko ba.

"Kai wanga, wa ab ba lahiya?"

"Kowa lafiya lau, Inna."

"To mi munka zo yi asibiti?"

"Gida ne, Inna. Namu."

"Ina zaure?"

"Babu."

"Ina katanga?"

"Ba a yi da ita ba. Zamani ne."

Ta gyara lulluɓi ta ce, "Mi munka yi ma Allah da za a tuɓe mu bakin hanya?"

Ciki ya fi muni. Na buɗe mata wata ƙofa jikin ɗakin kwana, na nuna mata bayi, fari tas kamar kwanon sarki, na ja igiya ruwa ya yi ƙugi. Ta ja da baya ta yi a'uziyya. Da ta gane aikinsa sai ta riƙe baki. Ta ce ko akuya in za ta yi tana matsawa daga inda take kwana. Ta ce ashe shi ya sa Turawa kullum suke fesa turare. Ɗakin girki kuma da murhun lantarki, shafaffe kamar allo. Tukunyar tuwo gindinta a kewaye yake, in an ɗora ta sai ta yi ta rawa, in an sa muciya ta bi muciyar. Ranar farko sai da na riƙe tukunya da tsumma, matata na tuƙi, Inna na tsaye tana yi mana Allah ya sawwaƙe. Da ta gwada daka a kan daɓe, tun bugun farko gilashin gidan gaba ɗaya ya amsa, na yi tsalle na rungume taɓarya kamar mai rabon faɗa.

Zafi kuwa kada ka tambaya. Rufin nan yana shan rana tun safe, da la'asar ya juye mana ita a ka. Na taɓa ajiye ɗanyen ƙwai a kan tebur na fita, na dawo na ci shi da gishiri. Wanda bai yarda ba ya tambayi kazar.

Abin da ya fi ci wa Inna rai ciyawa ce. An shimfiɗe ta kore shar kewaye da gidan, ga wani ƙarfe mai juyawa yana yi mata feshin ruwa safe da yamma. Ba a cinta, ba a yankar wa doki, ba a bari akuya ta sansana. Inna kan zauna ta zuba mata ido.

"Surukaina na can bisa tudu suna sayen ruwa da gwangwani. Wagga ko tana sha tana wanka. Ɗiyar wa ta?"

Ba ta taɓa kiran wurin gida ba. Kwalba take ce masa. In an tambaye ta lafiya ta ce, "Muna nan cikin kwalba awa man gyaɗa." Kullum kuma sai ta tuna mini, da zarar yarinyar nan ta sauka an yi arba'in, ita Damaga za ta koma. Ta ce ɗakin albasa ko ba komai yana da bango. Ka ga ni ke nan tsakanin wuta biyu. In na bar ta ta gyara gida Bature ya kore mu, in na hana ta ta tafi.

Sai maganar baƙi. Ka san dai namiji ba ya faɗa wa gidan wani. Zaure yake tsayawa ya yi sallama, a aiko yaro, a shimfiɗa tabarma. To gidan da ba zaure a ina za a tsaya? Kawuna, yayan Inna, mahauci ne a kasuwar Mafara, ƙato mai murya kamar ta bajimi. Ranar da ya fara zuwa sai ya tsaya can bakin titi ya ɗaga kai zai yi sallama, idonsa ya faɗa har ƙuryar ɗaki, ga matata zaune ba lulluɓi tana tsince shinkafa. Ita ta faɗi ƙasa ta ja ciki ta ɓuya bayan kujera, da cikinta da komai. Shi kuwa ya juya da sauri ya ba gidan baya, ya fuskanci daji, ya kwarara sallama.

Na fito na tsaya bayansa.

"Kawu, sannu da zuwa."

"Yawwa ɗan nan. Kun wuni lahiya?"

"Lafiya lau. Kawu juyo mana."

"Ba ni juyowa. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina iyali? Ina mai nauyi? Ina tsohuwa? Ina aiki? Ina Nasaranka?"

Haka munka yi gaisuwar nan tun daga kanta har wutsiya, ni ina gaida ƙeyarsa, shi yana gaida itatuwan geza. Inna ta fito ita ma ta durƙusa ta gaida bayan rigarsa. Wani mai keke da ya zo wucewa ya ga dattijo na ta gaisawa da daji, ya sauka ya tambaya ko a kira masu ruƙiyya.

Daga baya na sama masa mafita. Akwai wata rumfar kankare a gefen gidan, ta ajiye mota, mota kuwa a gidan Bature take kwana. Nan na riƙa shimfiɗa tabarma, in na jiyo ƙarar takalmin Bature in naɗe. Amma ko a rumfar, Kawu bai taɓa zama yana duban gidan ba.

Sauran jama'a ba su da kunyar Kawu. Ranar Talata in kasuwa ta tashi, mutanen Garbadu da na Morai sai su biyo ta wurinmu, su ɗaure jakuna, su zauna ƙarƙashin wata bagaruwa suna kallonmu kamar majigi. Har mai gyaɗa ta fara kawo talla. Ina ji wani na cewa, "Ga shi nan zai sha ruwa. Ya sha. Ya aje." Matata ta koyi zaman duniya a bayan kujera. Can take cin abinci, can take kitso.

Wata la'asar, da Bature ya ba ni mota in kai wanki, na ce wa Inna ta zo in kai ta ta sha iska. Na hau da ita kan tudun da ake hango ruwa. Ban yi tunani ba, wallahi, da ban kai ta ba. Ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya ƙare, sai kawunan itatuwa nan da can. Inna ita ce ungozomar ƙauyenmu. Duk wanda anka haifa a garin tun ina yaro, ita ta yanke masa cibiya, ita ta tona rami a bayan ɗakin uwarsa, inda ake zubar da ruwan wanka, ta binne mabiyiyar da ta biyo shi. Da dagin nan take tonon. Ta tsaya tana duban ruwa, sannan ta nuna da haɓa.

"Ka ga kan tsamiyar can? Gabas da ita kaɗan, nan ɗakina yake. Taka tana bayanai. Tawa tana gidan da ab bi mai." Ta gyara lulluɓi. "Yanzu kihi ka kiwo bisa."

Tunda nake ban taɓa jin ta ambaci haihuwata ba sai ranar. Na buɗe mata ƙofar mota. Munka koma kwalba.

To, ana nan sai Bature ya ce manyan baƙi za su zo daga Sakkwato su ga gidan. Ya sa anka wanke gilashi har tsuntsaye na karo da shi. Anka aske ciyawa. Ya kawo wasu furanni a tukwane, ya auna inda kowace za ta zauna. Turmi da randa ya ce a ɓoye su a bayi. Ya koya mana yadda za mu zauna in sun shigo: ni a kujera da jarida, matata a gefe tana murmushi, Inna kuma, da ya dube ta ya ga irin kallon da take masa, ya ce ita ta zauna yadda ta ga dama.

Jariri dai ba ya karanta jarida. Ranar da baƙin za su zo, ita ya zaɓa. Tun da asuba naƙuda ta tashi, hantsi na ɗagawa na ji kuka. Namiji. Ina tsaye a rumfar mota ina ta washe baki ni kaɗai, sai ga Inna ta fito, hannu ɗaya da wani ɗan kasko an rufe da tsumma, ɗaya hannun da dagi.

Na yi sauri na tare ta.

"Inna, ina za ki?"

"Bayan ɗaki."

"Inna, don girman Allah. Yau baƙi za su zo. Ki bari su tafi."

"Ita wagga ba ta jiran baƙi."

"To kawo in kai Damaga da mota, a binne can."

"Gidan mijin ƙanwata? Ɗanka shi tashi hankalinai na gidan wani?"

Na duba gabas na duba yamma. Shaiɗan ya kawo mini shawara, ni kuma na karɓa.

"To ga firiji nan, Inna. A ɗan sa a ciki zuwa gobe."

Kallon da ta yi mini, da a kan nono ta yi shi da ya tsinke. Ta juya wajen ƙofa ta ce wa matata, "Ɗiyata, kin ji mijinki. Asiri anka yi mai, ba haka na haife shi ba."

Ana cikin haka anka aiko in zo maza, mu tafi Mafara mu taro baƙi. Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah da Annabi kada ta taɓa ƙasar nan sai na dawo. Ta ce, "Tahi abinka, Direba." Sai da na kai rabin hanya na tuna wannan ba alkawari ba ne.

Abin da ya faru bayana Kawu ya ba ni labari, don shi ya iso ina fita, da jakuna biyu shaƙe da itacen wankan jego. Ya tsaya inda ya saba, ya ba gida baya, yana ta sallama. Ita kuwa Inna ta zaga ta nemi inda al'ada ta ce, wato bayan wurin wanka. Ta sami daidai bayan bayin nan, ta yi bisimilla, ta kafa dagi. Ƙasa mai laushi, ta sha ruwa ta ƙoshi. Tana cikin tono sai dagi ya ce ƙwas. Ta zaci dutse ne. Inna kuwa ba ta saba dutse ya hana ta aiki ba. Ta tofa yawu a hannu, ta ɗaga dagi sama da kai, ta sauke masa.

Ashe babban bututun da ke ɗauko ruwa daga tanki ya raba wa kwatas gaba ɗaya, ta nan ya bi.

Kawu ya ce shi dai ya ji wata ƙara kamar an yanka raƙumi, sai ya ji ruwan sama a ƙeyarsa, ga rana tsaka. Tun zuwansa na farko, sai ranar ya sake duban gidan ido da ido. Ya ce ruwa ya tashi sama ya fi giginya, har shaho na kauce masa. Ya ruga yana salati. Ya tarar da ƙanwarsa jiƙe sharkaf, ta ɗaga kasko sama kada ya jiƙe. Ta dubi ramin ta ce, "Wanga ya yi ruwa." Ta matsa gefe inda ke da ɗan tudu, ta sake tona wani a natse, ta binne abin da za ta binne, ta mai da ƙasa, ta danna da ƙafa, ta ɗora dutse, ta yi addu'a. Sannan ta ce, "Yaya, sannu da zuwa. Kun tashi lahiya?"

Ka tuna na ce maka ciki da waje tsawonsu ɗaya, don su zama abu guda. To sun zama. Ruwa ya cika ciyawa, ya ga ƙofa ba dakali, ya shiga ba sallama. Tabarmi sunka tashi. Jaridar da zan riƙe ta yi iyo ta fita ta ƙofar baya. Mai jego da jariri na bisa gado kamar a kwalekwale. Famfunan kwatas duk sunka ƙafe, matan ma'aikata sunka biyo sawun ruwa da bokitai. 'Yan garuwa sunka ji labari. Wani Bafillace da ke wucewa ya karkato da awakinsa, sunka sha, sunka ga ciyawar nan, ɗiyar sarauniya, kore shar, sunka sa baki.

Inna kuwa da ta ga ruwa ya samu a banza, ta ce ba a wasa da ni'ima. Ta sa Kawu ya jera duwatsun murhu a kan tudu, ya sauke itace, anka aro rabin duro, anka hura wuta, ta zuba ganyen dogon yaro, ruwan wankan jego ya hau. Matan da sunka zo ɗibar ruwa sunka leƙa sunka ga mai jego a fili kowa na kallo, sunka yi salati, kowace ta kwance mayafi. Kafin ka ce kwabo an ja igiya an rufe gilashin nan kaf da zannuwa, atamfa da saƙi da mai tambarin siyasa. Turmi ya fito daga bayi, anka hau dakan kunun kanwa. Duk abin da Bature ya hana, ba wanda ya rage, har ƙusa, don da ita anka ɗaure igiyar.

Ni ban san komai ba. Ina gaba da mota, Bature a gefena, babban baƙon a baya, wani dattijo mai babbar riga da ta sha aiki, da akawunsa. Motoci na biye da mu. Bature na ta bayani da hannu, haske, iska, tsabta. Muna karyo kwana sai dattijon ya hango ruwa na tashi sama yana walƙiya.

"Ikon Allah! Har da ruwa mai tsalle kunka yi ma talakawa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ci gaba ke nan."

Sai hayaƙi ya bayyana. Sai awaki. Sai zannuwa na kaɗawa. Sai yara tsirara suna iyo inda anka auna tukwanen furanni. Lofen Bature ya faɗo a cinyarsa, bai ma ji zafi ba. Ya fita tun mota ba ta tsaya ba, ya faɗa ruwa har ƙauri, ya yi ja kamar tattasai. Ya tarar da Inna zaune a kan wata kujerar tsuguno kusa da dutsenta, dagi a gefe, tana gyara wuta. Ya yi ta zuba, da Turanci da yarensu da wanda Allah kaɗai ya sani. Ya juyo ya ce in fassara.

Na ce, "Inna, barka yake yi miki. Ya ce Allah ya raya."

"Barka da jan ido? To amin."

Da an bar ni da na kashe wutar nan. Amma akawun nan, irin masu son a san sun yi makaranta, ya tattare wando ya matso. "Tsohuwa, ba haka ya ce ba. Cewa ya yi kun ɓata gidan hukuma. Ku kwashe kayanku ku fita yau, kafin rana ta faɗi."

Shi ke nan, na ce a raina. Ni in koma wa gwauraye, mai jego ta koma tudun da ba ruwa da ɗanyen jiki, Inna ta koma wa albasa. Kuma na san ita ko a jikinta, abin da take nema ke nan tun ranar da ta sauka daga a-kori-kura. Jira nake ta miƙe ta ce a ɗauko mata turminta.

Ba ta miƙe ba. Ta jawo kujerarta ta matsa jikin dutsen, ta ɗora ƙafa a kai.

Dattijon ya tuɓe takalmi ya ba akawu, ya tattare babbar riga, ya ratso ruwa. Mutumin kirki ne, ya san gida. Ya russuna ya gaishe ta tun daga kwana har gajiya, ya yi barka, ya tambayi mai jego, ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, ruwa na zuba a kansu su biyu. Sannan ya ce, "To Inna, kin ji abin da mai gida ya ce. Mi kika gani?"

Bari in gaya maka ƙarshen tukuna. Ba mu tashi ba. Dattijon ya yi dariya har hularsa ta faɗa ruwa, yara sunka bi ta da iyo. Ya ce a ɗinke bututu, a bar mutane inda suke, a nemi wani gida a riƙa nuna wa baƙi. Kafin ranar suna, shingen zana ya kewaye gidan. Rumfar mota ta zama zaure na sosai, Kawu ya shigo da fuskarsa, shi ya yanka ragon. Bayan damina rumbu ya tashi a inda ƙarfen feshi yake. Bature ya daɗe ba ya yi mini magana sai da yatsa, in mun zo wucewa ta wurin ya rufe ido da hula. Arba'in ta zo ta wuce, ba wanda ya sake jin sunan Damaga. A gidan Inna ta tsufa, a gidan ta cika. Yana nan har yau, rabin gilashin ya zama bulo. Wani lokaci ɗalibai masu koyon zanen gini kan zo da abin ɗaukar hoto, su yi ta zagaye suna cewa ginin tarihi ne, wa ya lalata shi haka. In ce musu su yi a hankali kada su yi tuntuɓe da dutsen can, mai shi, ɗan nan nawa, yana zuwa duk salla da 'ya'yansa.

Abin da ta ce wa dattijon kuwa, ba ƙari ba ragi, ga shi. Ta tauna goronta, ta nuna Bature da haɓa, ta ce:

"Ranka shi daɗe, gaya ma jan mutumen ga. Inda anka binne tawa da ta ɗana, su sunka kawo ruwa, nit tashi ban ce musu komi ba. Nan ta jikana take. Yau ni nik kawo ruwa, to su tashi."